Yadda Sabon Likita Yake Koyon Aikin Tiyata da Hannunsa

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu mun taɓa kai wani namu asibiti da tsakar dare, ko wanda adda ta sara a gona, ko mace mai doguwar naƙuda, ko dattijo wanda gwaiwa ta murɗe masa. Sa'ad da aka kira likita, sai ga wani saurayi ya fito, ko budurwa, wanda a shekaru bai girmi ɗanmu na fari ba. Nan da nan gaban mutum yakan faɗi, ya ce a ransa, "Wannan yaro ne zai sa mini wuƙa?"

Tambayar ba ta banza ba ce. Manyan likitocin fiɗa ba su da yawa, yawancinsu kuwa suna manyan birane, a asibitocin koyarwa. A asibitin ƙaramar hukuma ko na ƙauye, sau da yawa sabon likita ne zai tsaya a kanmu. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake horar da hannunsa, da abin da ake koya masa, gama waɗansu abubuwan da yake yi waɗanda sukan ba mu haushi, daga cikin wannan horo suka fito, kuma don lafiyarmu ne.

Takarda daban, hannu daban

A Nijeriya mai koyon aikin likita yakan yi shekara 6 a jami'a. Yakan san sunan kowace jijiya da kowane ƙashi, ya san cututtuka da magungunansu. In ya ci jarrabawa, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ba ta ba shi cikakken lasisi nan take. Na wucin gadi take ba shi, sai ya yi wata 12 yana aiki ƙarƙashin manya a asibitin da aka amince da shi. Cikin wannan shekara yakan zaga sassa huɗu, kamar wata uku uku: sashen cututtukan manya, sashen yara, sashen mata da haihuwa, da sashen tiyata. Bayan haka ne yake samun cikakken lasisi, yawanci kuma sai ya tafi bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973. A nan ne mu mutanen ƙauye muka fi haɗuwa da shi.

To, ku lissafa da kanku. Wata uku ne a sashen tiyata, kuma ba dukansu ake yi da wuƙa a hannu ba. Akwai rubutun takardun majiyyata, da ɗibar jini, da sa ƙarin ruwa, da zagayen gadaje safe da yamma. In an shiga ɗakin tiyata, sau da yawa aikinsa shi ne ya riƙe ƙugiyar da ke buɗe rauni domin babba ya ga ciki sosai. Wani yakan yi sa'a ya sami babban da ke sa shi ɗinki kullum. Wani kuwa yakan gama watanninsa bai ɗinka da yawa ba.

Ni da na bi ta kwalejin horon malamai na san irin wannan giɓi. Mutum yakan haddace dukan dabarun koyarwa, ya ci jarrabawa da kyau, amma ranar da ya fara tsayawa gaban yara arba'in da alli a hannu, sai ya ga kamar bai taɓa karanta kome ba. Haka yake ga noma da shanu: ko an bayyana wa yaro yadda ake riƙe garma sau ɗari, kunyarsa ta fari a karkace za ta fita. Bambancin shi ne, kunya in ta karkace akan sake ta gobe. Cikin ɗan adam ba haka yake ba.

A dā, hanyar koyon fiɗa ita ce bin babba kawai. Wani likitan Amurka mai suna William Halsted, na asibitin Johns Hopkins, shi ne ya tsara wannan irin almajiranci wajen 1890, kuma daga tsarinsa aka sami maganar da likitoci ke yi cewa ka kalli aiki sau ɗaya, ka yi sau ɗaya, kana ka koya wa wani. Hanyar ta fitar da gwanaye da yawa, amma tana da babban aibi ɗaya, watau ƙullin fari da ɗinkin fari na mai koyo a jikin mutum mai rai ake yinsu. Domin gyara wannan ne Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Ingila ta fara wani gajeren kwas a 1994, na kwana biyu zuwa uku, inda sabon likita zai koyi tushen aikin a kan tebur, ba a kan majiyyaci ba. Kwas ɗin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A wajenmu, Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda asalinta ya koma ga 1960, da Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Nijeriya da aka kafa a 1979, suna shirya irinsa domin masu neman ƙwarewa a fiɗa.

Kayan koyon kuwa ba wani abin mamaki ba ne. Akwai allo mai ƙugiyoyi da igiya mai kauri, rabi fara rabi mai launi, domin ido ya ga yadda ƙulli yake kwanciya. Akwai soso ko roba mai kama da fata. A Ingila sukan yi amfani da ƙafar alade da hanjinsa. A wajenmu akan sayo hanji da fata da ƙafar akuya ko saniya daga mahauta da sassafe. Malami ɗaya yakan tsaya a kan 'yan koyo kaɗan, ya nuna, su yi, ya gyara musu hannu, su sake.

Wanke hannu

Darasi na fari ba wuƙa a cikinsa. Wanke hannu ne, kuma kada wani ya raina shi. A 1847, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Semmelweis ya lura mata masu jego suna mutuwa da zazzaɓi a ɗakin da ɗaliban likita ke karɓar haihuwa, fiye da ɗakin ungozomomi. Ya gane ɗaliban sukan fito daga binciken gawa su taɓa matan. Da ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen da suka kai kusan 18 cikin 100 a watan Afrilu suka sauko zuwa kamar 2 cikin 100 cikin 'yan watanni. Duk da haka abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda da shi. Sai a 1867 Joseph Lister na Gilasgo ya nuna yadda kashe ƙwayoyin cuta a rauni da kayan aiki yake hana ruɓa, duniya ta soma karɓa a hankali.

Yau ana koya wa sabon likita ya cire zobe da agogo, ya yanke farce, ya wanke daga yatsu har gwiwar hannu da sabulu mai magani na 'yan mintoci, yatsa bayan yatsa. Hannuwansa a sama za su kasance, gwiwa a ƙasa, domin ruwan ya gangara daga wuri mai tsabta zuwa wanda bai kai shi ba. Daga nan ba zai taɓa famfo ba, ba zai sosa hanci ba. Akwai yadda ake shiga rigar tiyata, akwai yadda ake sa safar hannu ba tare da fata ta taɓa bayanta ba. In ya yi kuskure, sai ya faɗa da bakinsa, ya sake daga farko. Ita safar roba ma tana da ɗan labari: Halsted ɗin nan ne ya sa aka yi wa nas ɗinsa Caroline Hampton, domin maganin wanke hannu yana cin fatarta, daga baya kuma ya aure ta. Don kare hannun nas aka fara ta, kafin a gane tana kare majiyyaci.

Kayan aiki kuma ba tafasawa kawai ake yi musu ba. Ruwa yakan tafasa a digiri 100, amma akwai ƙwayoyin cuta, kamar na ciwon sarƙe-haƙora, masu shiga wani irin ɓawo da ke jure tafasa. Shi ya sa ake dafa kayan cikin tukunyar tururi mai matsi, wadda zafinta ke kai digiri 121. In kun ji an ce a jira domin kaya suna cikin tukunya, ba wasa ake yi da ku ba.

Ƙulli

A nan ne 'yan koyo suka fi daɗewa, ni ma a nan zan ɗan daɗe, gama manomi ya san darajar ƙulli. Wanda ya taɓa ɗaure bakin buhun masara ya ɗora a kan jaki, ya waiwaya ya ga hatsi yana zuba a hanya, ya san ƙulli iri biyu ne ko da sun yi kama a ido. In ka ɗora dama bisa hagu, kana ka ɗora hagu bisa dama, ƙullin yakan kwanta daidai, in an ja shi sai ya ƙara kamawa. In kuwa ka ɗora dama bisa hagu sau biyu a jere, ƙullin yakan hau kan juna a karkace, ya zame in an matsa masa. Na farin ne likita yake nema, kowane lokaci, ba sau tara cikin goma ba.

Dalilin a fili yake. In an yanke jijiyar jini cikin ciki, da zare ake ɗaure bakinta. Jinin da ke ciki yana bugawa da kowane bugun zuciya, dare da rana. In ƙullin ya zame bayan an rufe ciki, majiyyaci yana kwance a gado, ba wanda zai ga jinin yana zuba. Babban mutum yana da jini kamar lita 5 ne a jikinsa duka. Kafin a lura cikin ya kumbura, bugun jini ya yi rauni, mai yiwuwa an makara.

Saboda haka ake koya masa ya ƙulla da hannu biyu, ya ƙulla da hannu ɗaya yayin da ɗayan yake riƙe da zaren, ya kuma ƙulla da mariƙin allura. Akan sa ƙugiya a gindin gwangwani ko kofi mai zurfi, a ce ya ƙulla a can ƙasa, ya tura ƙullin da kan yatsa, ba tare da ya ɗaga gwangwanin ba. Ma'anar ita ce, in ya ja jijiya sama domin ya sami sauƙi, za ta tsinke. Ƙulli ba ya gaza hawa uku, zaren nailan mai santsi kuwa yana bukatar fiye da haka. Masu himma sukan tafi da zare gida, su yi ta ƙullawa a hannun kujera ko maɓallin riga, har yatsu su iya da kansu ba sai ido ya duba ba. Ba a ƙwarewa da wannan cikin kwana biyu. Kwas yana nuna hanya ce kawai, sauran aikin na ɗan koyo ne da babban da zai tsaya a kansa.

Zare da allura

Zaren tiyata kashi biyu ne. Akwai wanda jiki yake narkar da shi, shi ake sa wa a ciki, a hanji ko mahaifa ko tsoka. Tsohon irinsa da hanjin tumaki ko shanu ake yinsa, ko da yake sunansa na Turanci yana nufin hanjin kyanwa. Yanzu akwai na masana'anta, kamar Vicryl, wanda ya fi daɗewa da ƙarfinsa. Akwai kuma wanda ba ya narkewa, kamar nailan da siliki, shi aka fi sa wa a fata, sai a cire daga baya. Kaurinsu da lamba ake gane shi, kuma yawan sifiri shi ne sirantaka: mai sifiri biyar na fuska ya fi mai sifiri biyu siriri ƙwarai.

Allurar kuwa lanƙwasasshiya ce kamar tsayuwar wata, ba a riƙe ta da yatsu. Da mariƙi ake kama ta, a soka a tsaye, a juya wuyan hannu domin ta bi lanƙwasarta. Abin da malamai suka fi nanatawa shi ne kada a ja ɗinki da ƙarfi. Ba buhu ake ɗinkewa ba. Aikin zare shi ne ya kawo bakin rauni kusa da juna kawai, jiki ne zai haɗa su. Rauni yakan kumbura kwana ɗaya ko biyu bayan ɗinki, in kuwa zaren ya matse tun farko, sai ya shaƙe jinin da ke ciyar da wurin, fatar ta mutu, ɗinkin ya ɓalle.

Ana kuma koya masa ya tsare kansa da abokan aikinsa. Ba a miƙa wuƙa hannu da hannu, cikin ƙaramin faranti ake ajiye ta ɗayan ya ɗauka. Ba a sa reza a ƙotarta da yatsu. Tsinin allura guda yana iya ɗauke da ciwon hanta ko ƙanjamau daga majiyyaci zuwa likita.

Raunin gona

Ga wurin da muka fi samun saɓani da likitoci. Mutum ya sare ƙafa da fartanya da safe, ko ƙahon sa ya yage masa cinya, ko injin casa ya kama masa hannu. Aka ɗaure da tsumma, aka nemi babur, ba a isa asibiti ba sai bayan la'asar. Likita ya yi allurar kashe zafi, ya wanke, ya yanyanka, ya cusa auduga, ya naɗe, ya ce a dawo. Sai 'yan'uwa su fita suna gunaguni, "Ko ɗinki bai iya ba," ko kuwa, "So yake mu yi ta zarya." Alhali kuwa abin da aka koya masa ke nan, kuma daidai ya yi.

Raunin gona yana cike da ƙasa, da taki, da ɓarɓashin ciyawa. Ƙwayar sarƙe-haƙora cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, ita da 'yan'uwanta masu ruɓar da nama, kuma wurin da iska ba ta shiga suka fi so. In aka ɗinke irin wannan rauni, an rufe su ke nan cikin ɗaki mai ɗumi da abinci. A wurin kwas akan ɗauki ƙafar dabba, a yaga ta, a cusa mata ƙasa da tsakuwa, a ba ɗan koyo. Aikinsa shi ne ya wanke da ruwa mai yawa, ya buɗe kowane lungu, ya tsince datti, ya yanke dukan naman da ya mutu. Ana koya masa yadda ake gane mataccen nama a jikin mai rai: launinsa ya dushe, ba ya zub da jini in an yanka, tsokar ba ta motsi in an tsunkule ta. Manomi ya san in ruɓa ta kama doya, sai an fafe har a kai wuri mai kyau. In an gama, sai a bar raunin a buɗe, a duba bayan kwana uku zuwa biyar. In ya yi ja mai tsabta, ba mugunya, sa'an nan a ɗinke. Haka ake yi wa yawancin cizon dabba. Raunin da aka ɗinke nan take shi ne mai tsabta, sabo, wanda bai daɗe ba.

Namu aikin kafin a kai asibiti kaɗan ne. A danne wurin da ke zub da jini da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, minti goma ba ɗagawa a leƙa. Wannan ne ma abu na fari da ake koya wa likita kansa game da tsai da jini, kafin a zo ga hantsakin matse jijiya. A ɗauraye datti da ruwa mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin man inji, ko ruwan batir. Kowane ɗayansu ƙarin nama ne da likita zai yanke. A kuma tambayi allurar rigakafin sarƙe-haƙora.

Akwai sauran darussa da zan ambata a gurguje. Ana koya masa fasa ƙurji mai mugunya da faɗi, domin ya tsiyaye duka, gama maganin haɗiya shi kaɗai ba ya kwashe mugunyar da ta taru. Ana koya masa cire ƙaramin ƙari daga fata, da haɗa jijiyar yatsa da ta tsinke, da auna allurar kashe zafi bisa nauyin mutum, domin in ta yi yawa takan taɓa zuciya. Akwai kuma ɗinkin hanji. Zazzaɓin taifot in ya yi mako biyu ko uku ba magani sosai, yakan huda ƙaramin hanji, ƙazanta ta zuba cikin ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne a asibitocinmu, musamman ga yara. Ɗan koyo yakan yanke hanjin dabba biyu, ya haɗa, kana malami ya ɗura ruwa a ciki. In ɗigo ya fito, sai a warware a sake.

Yawan tambaya da ƙidaya

Wani abin da ke gundurar majiyyata shi ne yawan tambaya. Nas ta tambayi sunanka, mai sa barci ya tambaya, likita ya sake tambaya, har da wane gefe ne gwaiwar take, alhali shi ya duba ka jiya. Wannan ma koya musu aka yi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar bincike mai abu 19, wadda ake karantawa da murya sau uku: kafin a sa barci, kafin a yanka fata, da kafin a fita da majiyyaci. An gwada ta a asibitoci 8 na ƙasashe dabam dabam, har da na Ifakara a Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mutuwa bayan tiyata ta ragu daga 15 cikin 1,000 zuwa 8 cikin 1,000. Cikin abin da ake dubawa akwai ƙidayar auduga da allurai da kayan aiki: abin da aka buɗe da farko, tilas lissafinsa ya cika kafin a rufe ciki.

Tambaya ɗaya daga ciki ta rataya a wuyanmu, watau, "Yaushe ka ci abinci?" Ƙa'ida ita ce awa 6 ba abinci kafin tiyatar da aka shirya. Kunu da koko da fura duk abinci ne. In tausayi ya sa aka ba majiyyaci kunu a ɓoye, sa'an nan aka sa shi barci, abin da ke ciki yana iya tasowa ya shiga huhu. In an riga an ba shi, a faɗi gaskiya. Gara a ɗaga aikin.

Sanin iyaka

A ganina, darasin da ya fi kowanne wuya ga saurayi shi ne ya san inda ƙarfinsa ya tsaya. Kwas na kwana biyu ba ya mai da mutum likitan fiɗa. Wannan yana ɗaukar shekaru biyar ko shida na ƙarin horo. Sabon likita nagari shi ne wanda zai tsai da jini, ya sa ƙarin ruwa, ya ɗaure karaya, ya rubuta takarda, ya ce a wuce babban asibiti yanzu. Mu kuwa mukan ɗauki wannan kamar kora ce, ko rashin iyawa. Wani lokaci har mu biya gida tukuna domin shawara, ko mu nufi wurin mai ɗori da karayar da ƙashi ya huda fata, wadda wanki da tiyata take bukata cikin gaggawa.

Ko tsarin duba wanda ya yi haɗari, koyonsa ake yi bi da bi: hanyar iska tukuna, sa'an nan numfashi, sa'an nan jini, kafin a kula da ƙafar da ta karye, ko da ita ce ta fi ɗaukar ido. Wannan tsari ya samo asali daga wani likitan ƙashi, James Styner, wanda ƙaramin jirginsa ya faɗi a ƙauyen Nebraska ta Amurka a 1976. Matarsa ta mutu nan take, 'ya'yansa suka ji rauni, kuma ya ga ƙaramin asibitin da aka kai su bai shirya wa irin wannan ba. Shi da abokansa suka tsara kwas da aka fara a 1978. Ashe rashin shiri a asibitin ƙauye ba a ƙasarmu kaɗai aka san shi ba.

Sai dai akwai ranar da ba inda za a tura. Gada ta karye da damina, ko dare ya yi hanya ba lafiya, ga mace jariri ya ƙi fita. A 2015 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun tiyata mai lafiya da za su iya biya a kan lokaci, kuma ana bukatar ƙarin tiyata miliyan 143 kowace shekara. Suka ce asibitin gunduma na kirki tilas ya iya abu uku: fid da jariri ta ciki, buɗe ciki domin gyaran hanji da makamantansa, da kula da karayar da ta huda fata. Suka kuma ce ya kamata mutum ya iya isa irin wannan asibiti cikin awa 2. Ƙasashe sun bi hanyoyi dabam dabam. Mozambik tun 1984 take horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba su yi tiyata a gundumomi. Maƙwabciyarmu Nijar, a tsakiyar shekarun 2000, ta soma ba likitoci na gama-gari horon wata 12 domin tiyatar gunduma. A Nijeriya kuwa, masu neman ƙwarewa a fiɗa ne suka fi samun kwas ɗin da na bayyana, su kuwa a asibitocin koyarwa suke, kusa da manyansu. Ɗan bautar ƙasa da aka tura shi kaɗai, shi ne ya fi bukatarsa, kuma ba lalle ne ya samu ba. Wannan a wurina juyayyen abu ne. Waɗanda ke cikin kwamitin asibiti ko na lafiya na unguwa suna da damar tambaya ko likitan da aka turo ya sami wannan horo, da kuma wane babba ne yake iya kira da dare.

Ko gwanin likita kuwa ba ya aiki in abu uku sun makara, kuma duka ukun a hannunmu suke: mota, da sa hannu, da jini. Ba a yin tiyata sai an bayyana wa majiyyaci ya yarda, kuma sau da yawa mace takan kwanta awoyi ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko cin rani, domin dangi suna tsoron a ci gaba ba da saninsa ba. Gara a yi wannan magana a gida tun ciki yana wata bakwai. Ƙungiyar da take iya ajiye kuɗin taki tana iya ware ɗan abu domin motar gaggawa, ta kuma san mambobinta masu ƙarfi da za su iya ba da jini.

In an sallame ku da ɗinki a fata, ku tambayi ranar cirewa, gama ba ɗaya ba ce ga dukan jiki. Na fuska wajen kwana 5 ne, na kai da ciki kwana 7 zuwa 10, na ƙafa da kan gaɓa kuwa yakan kai kwana 14, domin wurin yana yawan motsi. In an bar zare ya wuce lokaci yakan nutse cikin fata ya jawo mugunya. In an cire da wuri raunin yakan buɗe. Kada a ba wanzami ko maƙwabci ya cire da reza. In kuwa wurin ya yi ja yana zafi, ko yana wari, ko zazzaɓi ya zo, ko muƙamuƙi ya soma ƙin buɗewa, a koma asibiti ran nan, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.